Shayi mai ƙanƙara da 'ya'yan itatuwa: dafawa, jiƙon sanyi ko ajiyewa a rana?

Duk wanda ya yi niyyar haɗa shayi mai sanyi a gida saboda kwanakin zafi yana da abubuwa uku a gabansa, wato ganyen shayi, da 'ya'yan itatuwa, da kayan ƙamshi, kuma wahalar aikin ta samo asali ne daga cewa ukun nan ba su son abu ɗaya. Ganyen shayi yana sakin bauri idan ya daɗe cikin ruwan zafi. Kirfa da kanumfari ba sa ba da ƙamshinsu yadda ya kamata sai sun ji wuta. Ɗanyun 'ya'yan itatuwa kuwa, da zarar an tafasa su, sai ɗanɗanonsu na asali ya gushe. Wanda ya zuba komai cikin tukunya guda ya tafasa zai sami abin sha, amma dole ɗaya daga cikin ukun ya cutu, kuma yawanci shayin ne ke yin bauri sannan a bi shi da sukari mai yawa don a rufe laifin.

Hanyoyi uku ne suka fi yaɗuwa wajen shirya shayin kansa. Akwai dafawa da ruwan zafi sannan a sanyaya da ƙanƙara, akwai jiƙa ganyen cikin ruwan sanyi a firij har ya kwana, akwai kuma zuba shi cikin kwalba a ajiye a rana. Ta farkon ita ce mafi daɗewa. Tun cikin shekarun 1870 littattafan girki a Amurka ke kawo yadda ake shan shayi da ƙanƙara, kuma baje kolin duniya da aka yi a birnin St. Louis a 1904, cikin tsananin zafi, ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa shi. Jiƙon sanyi ya yi tashe daga baya, kuma da ma sanannen abu ne a Japan ga masu shan koren shayi.

Hanyar dafawa tana da ƙa'idoji biyu da ba a wasa da su, zafin ruwa da tsawon lokaci. Baƙin shayi yana son ruwan da ya tafasa ko ya kusa, tsakanin digiri 95 da 100 a ma'aunin Salsiyos, na minti 3 zuwa 5. Koren shayi ba ya jure wannan zafin, domin ruwan da ya wuce digiri 80 yana fito masa da ɗaci, kuma minti 2 zuwa 3 sun ishe shi. Tun da ƙanƙara za ta narke ta tsinka shi, dole a yi shi da ƙarfi ninki biyu, kuma a nan ne mutane da yawa ke kuskure, su bar ganyen ya daɗe a ruwa da nufin ya yi ƙarfi. Ƙarfin da ake nema yana zuwa ne daga yawan ganye, daɗewa kuwa bauri take ƙarawa. Idan ana son lita guda, sai a sa giram 10 zuwa 12 na ganye, wato kimanin jakunkunan shayi 5 ko 6 tun da kowace tana ɗauke da kusan giram 2, a cikin rabin lita na ruwan zafi, a tsame ganyen da zarar lokacinsa ya cika. Ba a matse jakar da cokali, domin abin da ke fitowa a matsar ƙarshe shi ne mafi bauri.

Sauran rabin litar daga ƙanƙara za ta fito, kuma wannan lissafi yana da tushe. Narkar da giram ɗaya na ƙanƙara yana cinye zafin da zai iya ɗaga giram ɗaya na ruwa daga sifili zuwa kusan digiri 80. Saboda haka idan aka juye rabin lita na shayi mai zafin digiri 90 a kan rabin kilo na ƙanƙara, kusan dukkanta za ta narke, a sami lita guda mai sanyin kimanin digiri 5 cikin ƙasa da minti biyu. Wannan saurin yana da amfani, domin ƙamshin shayi yana tafiya da tururi, kuma shayin da aka bari ya huce a buɗe na tsawon sa'a yana rasa wani sashe nasa. Sai dai a kula da mazubi, domin gilashin da ba a yi shi don jure zafi ba yana iya tsagewa idan ruwan zafi da ƙanƙara suka haɗu a cikinsa. Kwanon ƙarfe ya fi aminci, daga baya a juye a kwalba.

Babban aibin wannan hanya shi ne gurɓacewar launi. Baƙin shayi mai ƙarfi, musamman irin na yankin Assam a Indiya, idan ya yi sanyi sai ya yi hazo-hazo kamar an ɗiga masa madara. Abin da ke faruwa shi ne, sinadarin kafeyin, wato mai wartsakar da mutum ya kuma hana barci, yana haɗuwa da sinadaran da ke ba shayi launi da bauri, kuma wannan haɗin yana narkewa cikin ruwan zafi amma yana fitowa fili idan zafi ya sauka. Ruwan da ke da sinadarin kalsiyam da yawa yana ƙara tsananta abin. Gurɓacewar ba ta cutarwa, kuma ɗan tafasasshen ruwa da aka tsiyaya a kai yakan mayar da shayin garau, amma wanda zai ajiye kwalbar gilashi a gaban baƙi zai so ya san da ita tun da wuri. Idan za a haɗa da markaɗaɗɗen mangwaro ko abarba, maganar ba ta taso ba, domin ruwan 'ya'yan itacen zai rufe komai.

Jiƙon sanyi aiki ne da kusan babu aiki a cikinsa. Ana zuba giram 8 zuwa 10 na ganye cikin lita guda ta ruwan sha mai tsabta, a rufe, a sa a firij, a tace bayan sa'o'i 6 zuwa 8 idan kore ne, ko 8 zuwa 12 idan baƙi ne. Ruwan sanyi yana jan sinadaran ganye a hankali, kuma ba ya jan su daidai da juna: masu ba da laushi da ɗan zaƙi suna fitowa da wuri, masu bauri da ɗaci kuwa suna jinkiri sosai. Sakamakon shi ne shayi mai tsabtar launi, wanda ba ya gurɓacewa, wanda kuma harshe ke karɓa ko da sukarin bai wuce cokali ɗaya ba. A ganina wannan ce babbar hujjar da ke goyon bayan hanyar, domin mai shan kofi uku ko huɗu na shayin a yinin zafi zai ga bambanci mai yawa a adadin sukarin da ke shiga jikinsa. Haka nan hanyar tana da afuwa, domin wanda ya manta ya ƙara sa'a biyu ba zai tarar da ɓarna ba, alhali a ruwan zafi ƙarin minti biyu kan lalata tukunya guda. Kafeyin ma yakan ragu idan aka kwatanta da dafaffe, ko da yake doguwar jiƙa tana rage wannan tazarar.

Amma jiƙon sanyi yana da nasa rauni. Na farko, sai an yi shiri tun jiya, kuma sai firij ya riƙe sanyinsa duk tsawon dare. Na biyu, ɗanɗanonsa ba shi da nauyi, saboda haka 'ya'yan itace masu ƙarfin zaƙi suna iya danne shi har mai sha ya rasa inda shayin yake. Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci ga mai son kayan ƙamshi, sandar kirfa da aka jefa cikin ruwan sanyi tana iya kwana a ciki ta fito ba ta ba da rabin abin da take da shi ba. Akwai kuma batun tsabta. Ruwan bai tafasa ba, don haka dole ya kasance ruwan da za a iya sha kai tsaye, kwalbar ta wanku sosai, kuma jiƙon ya zauna a ƙasa da digiri 5. Busassun furanni da ganyayen da ba shayi ba, waɗanda sau da yawa shanya su kawai aka yi, ya fi kyau a fara zuba musu tafasasshen ruwa kafin a sanyaya.

Hanya ta uku, ajiye kwalba a rana na sa'o'i 3 zuwa 5, tana da farin jini saboda ba ta buƙatar wuta kuma kwalbar tana da kyan gani yayin da launi ke sauka a hankali. Ban ga dalilin zaɓenta ba. Ruwan da ke cikin kwalba a rana ba kasafai yake wuce digiri 55 ba, wato bai kai zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta ba, kuma ya wuce sanyin da ke hana su hayayyafa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin ƙa'idojinta na kiyaye abinci, tana ba da shawarar a riƙe abinci a ƙasa da digiri 5 ko sama da digiri 60, kuma kada a bar dafaffen abinci a zafin ɗaki fiye da sa'o'i 2. Shayin rana yana zama a tsakiyar wannan tazarar na tsawon lokacin da ya ninka hakan. Idan aka ƙara masa yankakkun 'ya'yan itace ko sukari tun farko, an ba ƙwayoyin cutar abinci kenan. Ta fuskar ɗanɗano ma ba ya ba da abin da jiƙon firij bai bayar ba, kuma ba shi da ƙarfin dafaffe. Wanda ba shi da firij ya fi masa alheri ya dafa, ya zuba a kan ƙanƙara mai tsabta, ya shanye a lokacin.

Zaɓen ganye yana tafiya tare da zaɓen hanya. Baƙi da kore duk daga tsiro ɗaya suke fitowa, bambancinsu a sarrafawa yake: baƙin ana barinsa iska ta canza shi har ya yi duhu, koren kuwa ana gasa shi ko a turara shi da wuri don a tsayar da wannan canjin. Baƙin shayi na Assam ko na Kenya yana da jiki, yana tsayawa da ƙafarsa a gaban citta, kirfa, lemun zaƙi da mangwaro. Na Siri Lanka ya fi shi sauƙi da haske, kuma yana daga cikin waɗanda suka fi dacewa da ƙanƙara da lemun tsami. Koren shayi yana son abokan da ba su da hayaniya, irin su na'a-na'a, tuffa, kankana da ɓawon lemun tsami, kuma kanumfari yana shafe shi gaba ɗaya. Dangane da jaka da sakakken ganye, abin da ke cikin yawancin jakunkuna ganye ne da aka farfasa ƙanana, saboda haka yana sakin launi da bauri da sauri. A ruwan zafi wannan yana nufin a rage lokaci zuwa minti 3, a jiƙon sanyi kuwa jaka tana aiki lafiya ƙalau, har ma ta sauƙaƙa tacewa. Sakakken ganye mai kyau ya fi ƙamshi, amma idan za a tara masa 'ya'yan itace uku da kayan ƙamshi biyu, an yi asarar abin da ya sa aka saye shi.

Ga gidan da ke da yara ko wanda za a sha da dare, akwai ruibos, wani tsiro da ake nomawa a yankin Cederberg na Afirka ta Kudu. Ba dangin shayi ba ne, ba shi da kafeyin, baurinsa kaɗan ne, kuma ana iya barinsa cikin ruwan zafi minti 10 ba tare da ya yi ɗaci ba, abin da ya sa shi kaɗai ne za a iya dafawa tukunya ɗaya da kirfa ba a yi asara ba. Batun kafeyin ya cancanci a tsaya a kansa, domin abu mai sanyi ana shansa da yawa fiye da mai zafi. Kofin baƙin shayi yana ɗauke da kimanin miligiram 40 zuwa 50, na kore ƙasa da haka. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 a yini ba abin damuwa ba ne ga baligi mai lafiya, amma ga mai juna biyu iyakar ita ce 200. Sannan sinadaran bauri na shayi suna rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa daga abincin da ba nama ba, don haka mai ƙarancin jini ya fi kyau ya ba da tazarar kamar sa'a guda tsakanin cin abinci da shan shayi.

Idan aka zo ga kayan ƙamshi, tambayar farko ita ce a yi amfani da gari ko da guda-guda, kuma amsar ba ta da wuya. Garin kirfa ba ya narkewa. Yana yawo a saman ruwa, daga baya ya kwanta a ƙasan kwalba ya yi yauƙi, kuma ko da an tace da ƙyalle sai an ji shi a maƙogwaro. Sanda da ƙwaya su ne na abin sha. Tambaya ta biyu ita ce a ina za a sa su, kuma a nan ne nake ganin an fi samun riba idan aka raba aikin gida biyu. Kayan ƙamshi suna buƙatar minti 10 zuwa 15 a kan wuta marar ƙarfi, wanda ya ninka abin da ganyen shayi zai jure har sau uku. Mafita ita ce a dafa su dabam cikin ruwan sukari: kofi ɗaya na ruwa, kofi ɗaya na sukari, sandar kirfa ɗaya, kanumfari 3 ko 4, da yankan ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa. A bar shi ya yi ta ɓararraka a hankali, a sauke, a rufe har ya huce, a tace a zuba a kwalba mai tsabta. Wannan ruwan yana yin mako biyu a firij, yana shiga kowane irin shayi, kuma yana ba kowane mai sha damar auna zaƙi da yajin da yake so a kofinsa. Wanda ba ya son sukari sam yana iya dafa kayan cikin ruwa zalla, sai dai nasa ba zai wuce kwana biyu ko uku ba.

Kowane ɗaya daga cikin kayan yana da halinsa. Kirfa iri biyu ce a kasuwannin duniya. Ta Siri Lanka tana da ɓawo siriri da aka naɗe falle-falle, tana karyewa da yatsa, ƙamshinta kuma mai laushi ne. Ɗayar, wadda ake kira kasiya kuma ake kawowa daga Sin, Indonesiya da Biyetnam, ɓawo ne guda mai kauri da tauri, ta fi yaji, kuma tana ɗauke da sinadarin kumarin mai yawa, wanda yawan shansa kullum kan iya taɓa hanta. Sanda ɗaya a lita guda lokaci-lokaci ba abin tsoro ba ne, amma wanda zai mai da abin shan yau da gobe tsawon bazara ya fi kyau ya nemi ta Siri Lanka. Kanumfari shi ne wanda ya fi saurin wuce gona da iri, domin man da ke cikinsa yana sa harshe ya ɗan mutu, kuma ƙwaya shida a lita sun isa su mayar da shayi kamar magani. Citta kuwa, ɗanya da busasshiya kusan abubuwa biyu ne dabam. Ɗanyar tana da ƙamshi mai kama da na lemo da yaji mai wucewa da sauri, busasshiyar ta fi zafi kuma yajinta yana zama a maƙogwaro, saboda bushewa tana canza sinadarin yajin zuwa wani mai ƙarfi. Abin sha mai sanyi ɗanya yake so. Ita ce kuma kaɗai daga cikin ukun da ke aiki a jiƙon sanyi, muddin an gurza ta ko an daddaka ta.

Na'a-na'a ba ta shiga wannan tukunyar. Tafasa tana mayar da ita baƙa ta kuma ba ta warin dafaffen ganye. Ana murza ta kaɗan a tafin hannu a jefa cikin shayin da ya riga ya huce, ko ta kwana tare da jiƙon sanyi.

'Ya'yan itatuwa suna shiga ta hanya uku, kuma kowace tana ba da abin sha dabam. Yanka su a jefa cikin kwalba shi ne mafi kyan gani kuma mafi ƙarancin ɗanɗano, domin yankan tuffa ko abarba da ke yawo cikin ruwan sanyi ƙamshi kawai yake bayarwa, shi ma sai bayan sa'o'i 2 zuwa 4. Wannan ya dace da koren shayi da aka jiƙa, inda ake son shayin ya kasance a gaba. Hanya ta biyu ita ce a matse ruwansu ko a markaɗa a tace, a zuba kashi ɗaya cikin kashi uku ko huɗu na shayi. Nan ɗanɗano yana fitowa sosai, ɗanyen ƙamshin yana nan, amma launi ya gurɓace, abin yana rabuwa idan ya zauna, kuma ba ya kwana biyu da daɗinsa. Wannan tana buƙatar dafaffen baƙin shayi mai ƙarfi, in ba haka ba abin da za a samu ruwan 'ya'yan itace ne da aka tsinka. Hanya ta uku ita ce a dafa su tare da ruwan sukarin. Abarba, tuffa da inabi suna karɓar wuta, har ma abarba tana ƙara daɗi idan ta dahu da kirfa. Mangwaro yana yin kauri ya rasa ƙamshinsa, kankana kuwa ba ta da abin da za ta bayar bayan ta ji wuta. Akwai wata dabara tsakanin ta biyu da ta uku wadda na fi so ga 'ya'yan itace masu laushi: a yayyanka su, a barbaɗa musu sukari, a rufe a firij na sa'o'i kaɗan. Sukarin yana jawo ruwansu waje, a sami ruwa mai kauri da tsabtar launi wanda bai taɓa wuta ba.

Dangin lemo suna da hukunci na musamman. Ƙamshinsu yana cikin ɓawon waje mai launi, tsaminsu yana cikin ruwa, ɗacinsu kuma yana cikin farin sashen da ke tsakani da kuma 'ya'yan ciki. Yankan lemun tsami da aka bari ya kwana cikin kwalba zai mayar da lita guda mai ɗaci kafin safiya, saboda haka ko dai a fere ɓawon sama-sama a sa shi cikin ruwan sukari bayan an sauke daga wuta, a matsa ruwan dab da sha, ko kuma a tsame yankan bayan sa'a biyu. Mai haɗawa zai lura cewa baƙin shayi yana yin haske da zarar lemun tsami ya shiga, domin sinadaran launinsa suna canzawa idan tsami ya ƙaru, kuma wannan ba alamar ya tsinke ba ce. Cokali ɗaya ko biyu na ruwan lemun tsami a lita yana gyara kusan kowane haɗi, musamman na mangwaro da kankana waɗanda zaƙinsu ba shi da tsamin da zai ɗaga shi.

Game da abin zaƙi, sukari ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi, kuma wannan wani dalili ne na dafa ruwan sukari tun farko. Sanyi yana rage yadda harshe ke jin zaƙi, shi ya sa shayin da aka ɗanɗana da zafi aka ji ya yi daidai yakan zama salam bayan ya sha ƙanƙara, kuma shi ya sa ake auna zaƙi bayan an sanyaya. Zuma tana kawo nata ƙamshin, wanda ke tafiya da citta da lemun tsami amma yana danne koren shayi, kuma sai an narkar da ita da ɗan ruwan ɗumi kafin ta shiga, in ba haka ba ta dunƙule a ƙasa. Ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma ko kaɗan. Kada kuma a ɗauka cewa zuma ko ruwan 'ya'yan itace sun fita daga lissafi, domin jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ta haɗa su duka cikin sukarin da ake son ya gaza kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini, tare da cewa saukar da shi ƙasa da kashi 5, wato kimanin giram 25 ko ƙananan cokula 6, ya fi amfani. Kofi biyu na shayin da aka cika wa zaƙi suna iya cinye wannan adadin.

Idan aka haɗa waɗannan duka, zaɓin ya danganta ne da lokaci da kuma abin da ake son ya fito a gaba. Wanda baƙi suka yi wa sallama ba shiri, ko wanda ke son shayi mai jiki da zai ɗauki ruwan mangwaro da citta, ya dafa baƙin shayi ninki biyu ya juye a kan ƙanƙara, cikin minti goma ya gama. Wanda ke son kwalbar da iyali za su riƙa ɗiba duk yini, da sukari kaɗan da launi garau, ya jiƙa da dare ya tace da safe, kuma wannan ita ce hanyar da zan ba mafi yawan mutane shawara a kai, da sharaɗin kayan ƙamshin su fito daga ruwan sukarin da aka dafa dabam. Wanda zai shayar da yara ya ɗauki ruibos ya dafa shi tare da kirfa da tuffa. Ga mai farawa, ɗan itace ɗaya da kayan ƙamshi ɗaya sun isa a kwalbar farko, kamar baƙin shayi da lemun zaƙi da kirfa, ko kore da kankana da na'a-na'a, domin idan haɗin bai yi ba zai san wanda zai rage.

Ƙanƙarar da za a sa a kofi ita ma tana da tasiri. Manyan ƙulle-ƙulle suna narkewa a hankali fiye da farfasassu, kuma wanda ba ya son kofinsa ya tsinke yana iya daskarar da wani sashe na shayin kansa ya yi amfani da shi a madadin ƙanƙarar ruwa. Dole ruwan ƙanƙara ya kasance mai tsabtar da za a iya sha, domin daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Shayi zalla da aka tace aka rufe yana yin kwana 2 zuwa 3 a firij kafin ɗanɗanonsa ya fara dusashewa, wanda aka haɗa da ɗanyun 'ya'yan itace kuwa a shanye shi cikin sa'o'i 24, bayan an tsame yankakkun da ke ciki. Saboda haka ya fi dacewa a ajiye shayin a kwalbarsa, ruwan sukari mai kayan ƙamshi a tasa, a yanka 'ya'yan itacen a ranar da za a sha. Duk kwalbar da ta fara yauƙi, ko kumfa, ko warin tsami da ba na lemo ba, zubar da ita ake yi, a wanke ta da ruwan zafi da sabulu kafin a sake jiƙa wani.